Igwa a Kan Ƙofar Zangaru

“Inna, wannan abin da ake ƙerawa a bayan fada, garinmu za a harba da shi?”

Magajiya Tasalla tana shafa wa yaron man kaɗanya a faso sa'ad da ya yi tambayar, jakadiyar Sarki kuwa tana zaune a bakin ƙofa tana jiranta. Hannun Magajiya ya tsaya. Jakadiya ta mai da idonta kan tabarma, sai ka ce allura aka ce ta nemo.

“Wane gari ne garinku, Cindo? Ba nan kake cin tuwo ba?”

“Nan nake ci. Amma yaran ƙofar fada sun ce ni ɗan Kundumi ne, wai in igwa ta tashi ko kazar gidanmu ba za ta tsira ba.”

“Miƙo ɗayar ƙafar,” in ji Magajiya. “Kullum ka fita ba takalmi, ka dawo mini da faso da surutu.”

Yaran ƙofar fada ba su yi ƙarya ba. Cindo ɗan ƙanin Sarki Ranau ne na Kundumi, amana ce aka ba ta riƙo. Ɗanta na cikinta, Anaruwa, shi kuma yana can Kundumi a ɗakin uwar Cindo.

Haka al'adar garuruwan biyu take tun zamanin kakanni. Zangaru da Kundumi sun daɗe suna zubar da jini a kan mashigin kogin da ayari ke ƙetarewa, kowa yana son kuɗin fiton ya zama nasa, har mutane suka gaji da haƙa kabari. Sai aka yi rantsuwa a gindin wata tsohuwar tsamiya da ke gabas da ƙofar Zangaru. An zaɓe ta ne don komai ƙarfin maharbi, in ya tsaya a kan ganuwa, kibiyarsa ba ta kai wa gindinta. Nan baƙo mai makami ke tsayawa ya yi sallama, nan manzanni ke sauka. Aka raba fito biyu, aka yi musayar 'ya'ya daga gidan sarauta, aka kuma ƙulla cewa ran da za a warware amana sai an fara mayar wa kowace uwa ɗanta. Sarki da kansa zai kawo yaro gindin itace, a kaɗa tambari, uwa ta tsaya a bakin ƙofa da ƙwaryar ruwa. In tambari ya yi shiru yaro ya tako ya sha. Bayan nan ne kaɗai ake taɓa baka.

Da lokacin musaya ya zagayo, Sarki Gwabare na Zangaru 'ya'yansa duk mata ne, sai aka ɗauki na ƙanwarsa Tasalla. Mijinta ya rasu, ba ta da wani ɗa. Ta ba da Anaruwa tun bai yi famfara ba, ta karɓi ɗan wata ta riƙe shi yadda take fatan a riƙe mata nata.

Ana nan cikin wannan zama sai Ƙaura Dambo, shugaban mayaƙan Zangaru, ya samo wani baƙon maƙeri da ya biyo ayarin arewa, wanda ya iya zubin igwa. Tun kaka ake fama. An bi gida-gida an karɓe mundaye da tasoshin tagulla. Zubin farko ya tsage, na biyu ma haka, na uku ne ya tsaya. Da shamuwa suka iso bana, suka yi ta kewaya gari ba su sami inda za su yi sheƙa ba, don manyan itatuwa duk an sare an yi gawayi. Suka miƙe gabas. Tsofaffi suka bi su da kallo.

Majalisa jakadiya ta zo kiran Magajiya, domin ita kaɗai ce mace mai wurin zama a gaban Sarki. Ta wanke hannu, ta yafa mayafi, ta bi ta. Ta tarar Ƙaura ya riga ya fara.

“Allah ya ja zamanin Zaki. Ana cewa ina son jini. Ni kuwa jikina duk tabonsa ne, na ƙoshi. A yaƙin ƙarshe da kakanninmu suka yi, wata da watanni suka kwana a gindin ganuwar Kundumi, gudawa ta kashe musu fiye da waɗanda kibiya ta kashe. Igwa da hantsi ɗaya take buɗe gari, a gama, kowa ya koma gonarsa. Sannan masu ayari sun ce sarakunan arewa duk sun fara zubi. In ba mu zuba ba, wani zai zuba ya jawo mana ita har ƙofa. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.”

Fadawa suka amsa, “Sarki ya ji, Ƙaura.”

Galadima, tsohon da gyaran ganuwa da rumbunan gari ke hannunsa, ya gyara zama.

“Ranka ya daɗe, Ƙaura ya ce kowa ya koma gonarsa. Da me zai noma ta? Maƙeranmu tun kaka ba su ƙera fartanya ko ɗaya ba, suna can suna hura wa baƙo zugazugi, ga damina a bakin ƙofa. Hatsin tsimi da muke ajiyewa don shekarar fari an ɗora wa raƙuman fatake, an karɓo farar wuta da tagulla. Kuma tun da aka kafa garin nan, kowace shekara bayan girbi kowace unguwa takan fito gayya ta yaɓe ɓangarenta na ganuwa. Bana ba a yi ba. Majiya ƙarfi duk suna daji suna saran ƙirya don gawayi. Na sa hannu a tsagar da ke jikin soron ƙofar gabas, ya shige har gwiwar hannu. Abin nan bai yi ƙara ko sau ɗaya ba, ranka ya daɗe, amma ya riga ya talauta gari guda, kuma namu ne.”

“Galadima tsoron tsaga yake ji,” in ji Ƙaura. “Ƙadangare ma yana shiga ya fito lafiya.”

Wasu suka yi dariya, wasu suka haɗiye tasu. Liman ya ɗaga hannu.

“Ni tambaya ɗaya na yi wa mai zubi. Na ce masa a wurinmu mayaƙi ba ya taɓa mace, ba ya taɓa yaro da tsoho, kuma mai baka yana ganin wanda zai harba kafin ya saki. Na ce dunƙulen ƙarfen nan fa? Ya ce shi ba ya zaɓe. To, Allah ya ba ka nasara, in ya faɗa tsakar gidan wani, alhakin na wa? Na wanda ya kunna, ko na wanda ya zuba, ko na matar da aka zare wa munduwa? Na duba, ban sami inda zan ajiye shi ba sai nan zauren.”

Kafin Sarki ya ba da amsa aka yi wa manzon Kundumi iso. Dattijo ne mai farin sanda. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ajiye ƙwarya a gaban Sarki, ya buɗe. Toka ce a ciki, da ɗan tsamiya guda a kanta.

“Sarki Ranau yana gaida ɗan'uwansa. Ya ce hayaƙinku ya iso mana, shamuwarku ma suna kan itatuwanmu. Ya ce ruwa ba ya tsami banza. In amana na nan, a fasa abin da aka zuba, a aiko masa da ɓari ɗaya ya gani. In kuwa ta ƙare, a mayar masa da ɗansa, shi ma ya kawo naku, yadda kakanni suka tsara.”

Magajiya ta kafa wa yayanta ido. Ta san shi tun suna ƙanana, in ya rasa abin yi sai ya riƙa murza zoben hannunsa. Yana ta murzawa.

“A fasa?” in ji Sarki Gwabare. “In fito in ce wa matan garin nan mundayen aurensu an narkar da su a banza? In ce wa talakawa hatsinsu ya tafi, dajinsu ya ƙare, ga gutsattsarin tagulla ku raba? Da Galadima ya yi wannan magana tun kaka, da na ji. Yanzu an yi nisa. Abin da aka kashe ba zai dawo ba sai ta fiton mashigi gaba ɗayansa.”

“Tun kaka na yi ta, ranka ya daɗe,” in ji Galadima a hankali. Ba bafaden da ya maimaita.

Ƙaura ya ce, “Yaron ma ba za a mayar ba. A ajiye shi a soron ƙofa kusa da igwa, mu ga maharbin Kundumi da zai saki kibiya.”

Nan Magajiya ta yi magana, ba ta ɗaga murya ba.

“Allah ya ja zamanin Sarki. Ƙaura ya yi lissafin dawaki, Galadima ya yi na hatsi. Ni yara biyu nake lissafi. Ɗaya ni na haife shi, ɗaya ni na yi jinyarsa da ƙyanda ta kama shi. Duk abin da aka yi wa Cindo a kan soron nan, shi za a yi wa Anaruwa a kan nasu. Ƙaura yana da 'ya'ya maza cike da gida. In yana son garkuwa mai rai, ya ɗauko daga ciki.”

“Magajiya ta yi maganar uwa,” in ji Ƙaura, “nan kuwa zauren sarauta ne.”

“Da aka zo neman ɗan da za a bayar, zauren sarauta ɗakin uwa ya aika.”

Sarki ya miƙe, majalisa ta watse ba a yanke maganar yaro ba.

Washegari ranar kasuwa ce. Magajiya ba ta jira wata majalisa ba. Ta ɗaure wa Cindo kayansa a tsumma, ta sa masa dakuwa da ƙuli-ƙuli, ta kama hannunsa da rana tsaka ta ratsa kasuwa kowa na gani, har masaukin manzo. Riƙon yaro a hannunta yake bisa al'ada, ba dogarin da ya iya tare ta.

“Baba, ga amanarku,” ta ce da dattijon. “Ba ya shan nono mai tsami, yana sa shi amai. A sa shi ya riƙa sa takalmi. Ka gaya wa Sarki Ranau ba Sarkin Zangaru ne ya mayar ba, uwar Anaruwa ce. Na saki abin da ke hannuna tun ban ga nawa ba. Ya duba Allah.”

Cindo ya riƙe gefen zanenta. “Inna, laifi na yi?”

“Ba ka yi ba. Wata innar taka ce take kewarka, ta daɗe tana jira. In ka ga Anaruwa ka ce masa ɗakinsa na nan, kai ka ɗumama masa shi.”

Ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ta juya ba ta waiwaya ba. Daga nan fada ta wuce, ta sami Sarki shi kaɗai a turakarsa, ta gaya masa abin da ta yi. Ya yi faɗa har muryarsa ta dushe. Da ya gaji ta ce:

“Yaya, ban zo neman gafara ba. Na biyo ta ƙofar gabas na ga an ɗora igwa bisa soro. Ina bakinta yake kallo?”

Ya kau da kai. “Tsamiya. Nan rundunar baƙi ke tsayawa kullum, don sun san kibiya ba ta kaiwa. Mai zubi ya ce ita tana kaiwa.”

“Nan kuma za a kawo ɗana. Mutanen Kundumi ba su sani ba, za su zo su tsaya a inda kakanninsu suka tsaya. A juya ta.”

“Ba ta juyuwa, Tasalla. Da igiyoyi da shanu aka ɗora ta, an kafe ta da gungume. In aka taɓa, sai an sake aikin daga farko.” Ya kama hannunta, abin da bai yi ba tun da aka naɗa shi. “Na yi miki alkawari. Ba mai taɓa wuta sai Anaruwa ya sha ruwan hannunki.”

Ta so ta aika Kundumi a gaya musu kada su tsaya a tsamiya. Amma tun ranar, bayan manzo ya fita da Cindo, Ƙaura ya sa aka rufe ƙofofi, ko mai itace ba ya fita sai da sani. Ruwan shuka ya sauka, ya yi ta zuba, gonaki na kwance ba a taɓa ba. Ganuwa ta jiƙe ta riƙa zubar da laka kamar mai gumi.

Wata safiya mai tsaron soro ya hango rundunar Kundumi ta cika fadama. Suka ja daga a can nesa. Sarki Ranau ya cika al'ada. Ya sauka daga doki, ya bar mayaƙansa a baya, ya tako zuwa gindin tsamiya daga shi sai makaɗi sai yaro cikin farar riga.

Aka buɗe ƙofa kaɗan. Magajiya ta tsaya a dokin ƙofa da ƙwaryarta. Daga nan ba ta iya ganin fuskarsa, amma ta ga yadda yake karkatar da kai gefe guda, irin na ubansa. Ya yi tsawo. Tambari ya fara.

Soron yana bisa kanta, muryoyi kuwa suna saukowa ta tsagar bango. Ta ji Ƙaura.

“Ranka ya daɗe, ga Ranau a tsaye daidai bakin igwa. Allah ba ya ba da irin wannan sau biyu. In yaro ya shigo, Ranau ya koma cikin dawakinsa, ba zai sake matsowa ba. Zai zauna mana a waje har kaka. Rumbu ba hatsi, ganuwa ka ga yadda take, albarushin da muke da shi bai taka kara ya karya ba. Rai ɗaya ne, ranka ya daɗe, ga kuma rayukan gari.”

“Na yi wa Magajiya alkawari.”

“Ka yi wa Zangaru ma, ran da aka naɗa maka rawani.”

Magajiya ta saurara ta ji amsar Sarki. Ba ta ji komai ba. Ta ɗaga kai ta yi kira, “Yaya.” Ba ta taɓa kiransa haka a gaban jama'a ba. Ta sake kira. Abin da ya sauko mata shi ne ƙaurin tsumman kunna igwa yana cin wuta.

Al'ada ta hana uwa ƙetare dokin ƙofa. Ta yar da ƙwarya ta ƙetare, ta zura da gudu cikin laka tana ɗaga hannu tana cewa ya taho, ya bar wurin. Tambari ya danne muryarta. Anaruwa ya gan ta. An hore shi da kyau a Kundumi, an gaya masa ɗan amana ba ya ɗaga ƙafa sai tambari ya yi shiru. Ya tsaya cak, ya ɗaga mata hannu shi ma.

Ba ta ji ƙarar da kunne ba, a ƙirji ta ji ta. Ƙasa ta kayar da ita. A bayanta igwa ta zabura da baya ta doki jiƙaƙƙen bango, tsagar nan ta buɗe daga sama har ƙasa, soron ya rufto da igwa da Ƙaura da mai zubi da duk wanda ke kai, ya ja wani yanki na ganuwa ya kwanta da shi. Sarki Gwabare daga baya aka jawo shi da rai, ƙafafu a karye. Magajiya ba ta waiwaya ta ga ko ɗaya ba. Gabanta take kallo, inda babban reshen tsamiya ya sauko, tambari ya yi shiru.

Dawakin Kundumi ba su jira umarni ba. Suka kwararo ta dama da hagu, suka wuce ta ba wanda ya taɓa ta, suka nufi gurbin da ya buɗe.

Da ta isa, Sarki Ranau na durƙushe, jini na bin gemunsa, amma da ransa. Makaɗi na kwance a kan tambarinsa. Ranau ya tuɓe alkyabba zai rufe gawar yaron, ta riƙe hannunsa.

“Bari in gan shi tukuna. Ban ga haƙoransa na manya ba.”

Ya sakar mata. Ta zauna a laka ta ɗora kan yaron a cinyarta, ta share masa ƙasa a goshi da bakin mayafi.

“Da ƙafarsa na kawo shi, Magajiya,” in ji Ranau. “Tun daga fadama ya ƙi hawa doki. Ya ce so yake ki ga tafiyarsa.”

Can ihun gari ya fara isowa. Ta ɗago.

“Akwai 'ya'yan wasu a cikin garin nan. Ba su suka kunna ba. Ka aika a gaya wa dawakinka.”

Ranau ya dube ta, ya kira wani barde ya tura shi a guje. Amma wuta ta riga umarni shiga gari. Kafin la'asar Zangaru ta faɗi, garin da tun kafuwarsa ba a taɓa shigarsa da ƙarfi ba.

Mai karatu, ko uwa ce ke ko uba ne kai, ga gargaɗina. Ran da manya suka ce sun samo makamin da zai taƙaita yaƙi, kada ka tsaya yi musu tafi. Ka tambayi abin da aka bari ya lalace don a ƙera shi, ka tambayi iya inda yake kaiwa. Kuma muddin ɗanka yana tsaye a gabansa, kada ka dogara da alkawarin wanda wuta ke hannunsa, ko da ciki ɗaya kuka fito.